Wankin Bargon Inna

Shekara talatin da huɗu Baba Fes ya yi yana wanke kayan mutane, kuma ba a taɓa jin ranar da wani ya dawo masa da riga yana ƙorafin launin wata ya hau kanta ba. Daga nan sunan ya samo asali. Shagonsa ɗaki ɗaya ne a bakin titi, manne da gidansa, tsakanin shagon tela da na mai gyaran rediyo. A ciki akwai teburin guga, da dutsen guga biyu, na lantarki da na gawayi, sai kantar da yake jera kayan da ya gama. Ta ƙofar baya ake fita tsakar gida, inda ya gina kwamin siminti mai tsawon gado don ɗauraya, da famfo a wannan kai, da ramin fitar ruwa a wancan kai, wanda yake toshewa da guntun roba.

Tun yana saurayi ya shiga sana'ar, a ɗakin wanki na wani otal, inda ya shekara shida tsakanin zannuwan gado da tawul. Abu biyu ya fito da su daga can: ciwon baya, da rashin yarda da yadi. Duk kayan da bai sani ba, sai ya jiƙa farin hankici, ya ɗora a can cikin kalmasa inda ido ba ya kaiwa, ya danna da dutsen guga mai ɗumi, ya ɗaga ya duba. In hankicin ya fito fari, shi ke nan. In ya ɗauko launi ko yaya, kayan zai koma bokitinsa shi kaɗai kamar mai mura. Ba ya kuma barin kowa ya sa masa hannu a ruwa. 'Ya'yansa huɗu sun tashi a cikin ƙamshin sabulu, amma babu wanda ya taɓa ɗauraye ko da safa a kwamin nan.

Matarsa, wadda kowa a layin yake kira Inna, ita kaɗai take iya yi masa tsiya a kan wannan hali. Takan ce, "Ni ma da zai aure ni sai da ya ɗora mini hankici ya ga ko ina zuba."

Shekara biyu da suka wuce, wata safiya tana miƙa masa shayi, kofin ya suɓuce mata. Ta buɗe baki za ta yi magana, maganar ta fito a karkace. A asibiti aka ce ɓarin jikinta na dama ne ya shanye. Bakin ya dawo daidai, ƙafar ma ta biyo baya a hankali, sai hannun ya ƙi. Likitar da take gasa mata shi ta faɗa ta nanata cewa sai hannun ya yi aiki zai tashi. Baba Fes ya gyaɗa kai a gaban Likita, ya dawo gida ya ci gaba da halinsa. Shi ne ɗaura mata ɗankwali, shi ne ba ta abinci a baki. Ta miƙa hannu za ta ɗauki cokali, ya riga ta. Ta nufi tsintsiya, ya tare. Maganarsa ɗaya ce daga safe zuwa yamma: "Bari, bari, zan yi."

Da ta ga zai kashe ta da kulawa, sai ta haɗa baki da Auta, ƙaramar 'yarsu, malamar firamare, wadda ita ce ta rage a gida. Auta ta riƙa karɓo guntayen ƙyallaye daga wurin Tela tana shigowa da su a jakar makaranta. Da zarar Inna ta ji dutsen guga ya fara bugun tebur a shago, sai ta zaro su daga ƙarƙashin filo, ta kama allura da hannun da ya ƙi, ta shiga haɗa su. Ƙyallayen farko ja da fari ne, zaren da aka samu a gida kuma fari.

Wata uku ana wannan sata kafin ya kama su. Ya shigo neman ashana, ya tarar da ita ta duƙufa, harshe a tsakanin haƙora, tana fama da allura. Ya ɗauki ashanarsa ya fice. Washegari dai ya kwashe sauran ƙyallayen ya wanke su ɗaya bayan ɗaya, ya goge, ya jera mata. Daga ranar babu ƙyallen da ya shiga bargon bai bi ta bokitinsa ba. Amma kusurwar farko ta riga ta haɗu: ja takwas, fari takwas, kusa da kusa, ba su taɓa ganin ruwa ba. Wata goma sha ɗaya yana wucewa yana satar kallon kusurwar nan, abin yana tsaye masa a ƙahon zuci.

Ranar wata Alhamis da la'asar Inna ta ƙulle zaren ƙarshe. Bargon ya rufe gado har ya sauko. Hawa uku ne: ƙyallaye a sama, tsohon siririn bargo a tsakiya, shuɗin zanen gado da ya sha wanki a ƙasa. Ta bi shi da ɗinki layi-layi don kada cikin ya tattare, ta kalmashe bakinsa zagaye. Wanda ya bi ɗinkin da ido daga jar kusurwa zuwa ɗaya ƙarshen zai ga labarin hannun gaba ɗaya. A farko kamar sawun kaza, wani dogo wani gajere, wani ya kauce hanya ya dawo. Can gaba ya fara natsuwa. A ƙarshe kuwa sai ka ce jerin tururuwa.

Sai dai wata goma sha huɗu na gumin hannu da man zafi da ɗigon shayi sun bar alama. Fararen sun koma ruwan toka. Ga shi Likita ta roƙe ta ta kawo shi asibiti ranar Litinin, ta nuna wa waɗanda suka fara zuwa gashi kwanan nan, masu cewa hannunsu ya riga ya mutu.

"Ba zan kai shi a haka ba," in ji Inna. "A ce matar mai wanki ta shiga asibiti da bargo yana warin man zafi? Da wane ido zan kalli mutane?"

Baba Fes ya ɗauko hankicinsa ya jiƙa. Ya bi shuɗi, ya bi kore, ya bi rawaya, duk lafiya. Ya bar jan sai ƙarshe, don ya san amsar. Da ya ɗaga, hankicin ya fito kamar an goge yanka da shi.

"Gishiri!" in ji Tela, wanda ya leƙo ta ƙofar baya da awo a wuya, kamar yadda ya saba duk lokacin da ya ji ana magana ba da shi ba. "Ka zuba gishiri cikin gwangwani, ka jiƙa shi ya kwana. Haka kakata take yi."

"Kakarka miya take yi ko wanki? Jiƙawar nan ita ce mugun abu. Rini ba ya ɓarna a ruwa mai tafiya, sai ya samu wurin zama." Baba Fes ya ɗaga masa hankicin. "Kuma dubi aikinka. Kai ka ba su wannan jan."

"Ni na ce a yi bargo da shi? Tsumman goge allo aka ce mini ana so!"

Auta ta sunkuyar da kai tana dariya. Sannan ta ce, "Baba, a farke su mana. Guda takwas ne fa. Ni zan cire, ka wanke su daban, Baba Tela ya mayar a keke, minti goma an gama. Dama kullum Inna cewa take ɗinkin wurin yana ba ta kunya, farin zare a kan ja, ya fito ɓaro-ɓaro."

A sana'ance maganar Auta ita ce daidai, kuma har ya buɗe baki zai amince. Sai ya ga Inna ta ɗora hannun dama a kan kusurwar, ta baje yatsunta.

"Yana ba ni kunya, ban musa ba," ta ce. "Amma wannan na farkon, kwana tara na yi a kansa. Allurar ta faɗi ta fi sau ɗari. Ranar da na gama shi na yi kuka har Auta ta zaci ciwon ne ya dawo. Keke bai san wannan ba." Ta ɗago ta dube shi. "In ba za ka iya ba, Malam, ka faɗa mini tun da wuri, in kai wa mai wankin bakin kasuwa."

Tela ya ƙware da dariya har sai da ya dafa bango.

Baba Fes ya ji maganar har tafin ƙafarsa. "Ke ma dai, Innar yara. Kina auren mai wanki, ki haɗa ja da fari ba ki kawo mini na taɓa su ba? Da me aka rage ki?"

"Da na kawo maka a lokacin, me za ka ce?"

Auta ce ta amsa a madadinsa, da irin muryarsa sak: "Bari, bari, zan yi."

Ya ninke hankicin ya sa a aljihu. "Asabar da safe," ya ce. "Kowa ya zo da hannunsa."

Ranar Juma'a bai karɓi kayan kowa ba. Ya dirje kwamin har sau biyu, ya tabbata tankin ruwa cike yake. Ya tara tsofaffin fararen tsummoki da duk tawul ɗin da ke gidan. Ya fito da wani tsohon gadon ƙarfe mai raga ya kafa a inuwar bango, ya ɗage kansa da bulo biyu don ya ɗan gangara. Ya leƙa ya gaya wa mai gyaran rediyo cewa gobe zai buƙaci mutum na huɗu wajen ɗauka, shi kuma ya ce ba komai. Sannan ya zauna ya bi ɗinkin jar kusurwa da yatsa, ya samu wuri biyu da zaren ya saki, waɗanda ruwa zai iya buɗewa. Ya ɗauki allura, ya zura zare, har ya kai ta bakin yadi. Sai ya tsaya. Ya juya ya miƙa wa Inna. Ta karɓa, ya ga gefen bakinta ya motsa.

Asabar da hantsi ya cika kwamin da ruwan sanyi, ya ɗiga sabulun ruwa kaɗan. Ya fara shimfiɗa babban zanen gado a ciki, bakinsa huɗu a waje, don da shi za a ɗaga bargon. Jiƙaƙƙen bargo nauyi gare shi, in aka ja shi ta gefe, ɗinkin farko ba zai jure ba. Daga nan suka saukar da shi a hankali, jar kusurwa tana wajen ramin fitar ruwa. Ya kewaye ta da fararen tsummoki su sha abin da za su iya sha, ya zare toshiyar rabi, ya buɗe famfo. Ruwa zai shigo ta can sama, ya ratsa sauran launuka, ya zo kan jan a ƙarshe, ya fice bai waiwayo ba.

"Ba dirza, ba murɗawa," ya ce wa Auta da Tela. "Tafin hannu kawai. Danna, saki. Danna, saki. Ku turo ruwan wajena."

"Shekara sittin ina duniya, yau ake koya mini wanki," in ji Tela yana naɗe hannun riga.

Ruwan da ke can sama ya fara fitowa baƙi-baƙi da dattin wata goma sha huɗu. A ƙasa kuwa, tsakanin yatsun Baba Fes, wani zare-zaren ja ya taso, ya bazu, nan da nan wurin ya koma kamar ruwan wankin nama.

"Wayyo Baba, yana zuba!"

"Na ce miki ba zai zuba ba? Barinsa ya zauna ne ba za mu yi ba. Daina kallo, danna!"

Inna tana kan kujera a gefensa. Shi kuma bai yarda ya dube ta ba. Hannunsa bai tsaya ba ko na ƙiftawar ido, yana kaɗa kusurwar a cikin ruwa, yana kora jan zuwa rami. Tsumman da ya rine ya jefar, ya sa wani. Bayansa ya fara kiran sunansa, bai amsa ba. Ruwa na uku ja ne har yanzu. Na biyar ya koma ruwan hoda. A na bakwai ya debo a tafin hannu ya ɗaga wa rana, ya ga fatar hannunsa tar. Ya rufe famfo, ya zare toshiyar gaba ɗaya.

Nan ne wurin da ya fi tsoro. Bargo jiƙe, kwance a kan kansa, ja yana jingine da fari, kowane minti ɓarna ce. "Auta, kira mai rediyo, maza!"

Ta fita da gudu ta dawo da gudu. "Shagon a rufe yake, Baba."

"Mu uku ma ɗauka," in ji Tela.

"In baki ɗaya ya faɗi, bargon zai naɗe, jan ya kwanta a kan fari. Mutum huɗu ne, ko babu."

Ƙarar kujera ya ji. Inna ta miƙe, ta zagayo, ta kama bakin zanen da ya rage. Da hannu ɗaya ba zai ɗauku ba, kowa ya san haka, ita ma ta sani. Ta sa na hagu, ta kawo na dama ta ɗora.

Kalmar nan ta "bari" ta taho masa har bakin harshe, ta saba hanya. Ya ga hannun yana rawa tun ba a ɗaga ba. Ya ga bargon. Ya haɗiye ta da ƙyar kamar ƙwayar magani ba ruwa.

"Ki naɗa zanen a hannu sau biyu," ya ce. "Dawo nan ɓangaren ja. Ke ce gajera, ruwan zai gangaro wajenki, haka nake so."

"Yau gajartata ta yi rana," in ji Inna.

Suka ɗaga. Taku goma ne tsakanin kwamin da gadon ƙarfe, kuma Baba Fes bai taɓa tafiya mai nisan wannan ba. Ruwa yana tsiyaya a ƙafafun Inna. Jijiyoyin wuyanta sun miƙe, hannun yana karkarwa har kafaɗa, amma yatsun ba su buɗe ba. A taku na bakwai ta yi tangaɗi, Auta ta yi ƙara.

"Ku tafi mana!" in ji Inna ta cikin haƙora. "Ni kuke jira?"

Suka sauke shi a kan raga, jar kusurwa a gangare. Sai da Auta ta warware mata zanen daga hannu, don yatsun sun ƙanƙame sun ƙi saki. Baba Fes ya baje bargon ko'ina ba ninki, ya bi shi da tawul yana dannawa, busasshe na shiga jiƙaƙƙe na fita, har tawul ɗin gidan suka ƙare. Ya jawo fanka ya saita. Bai ci abincin rana ba, ya zauna a gefen gadon kamar mai jinya.

Da la'asar ya sa tabarau ya fara duba. Shuɗi yana nan shuɗi. Rawaya ta fito kamar yau aka yanko ta. Ya zo kan fararen nan takwas, ya bi su ɗaya-ɗaya, tsakiya da gefe da bakin ɗinki. Fari ƙal. Har ya fara sauke numfashi, sai idonsa ya faɗa kan jan. Farin zaren nan da ya ratsa cikin jan yadi ya sha rini ya ƙoshi. Ya koma ja.

Ba wanda zai lura in bai faɗa ba. Amma shi ya gani, kuma bai iya ɓoye irin wannan ba.

"Innar yara," ya kira, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Zo ki gani. Ya zuba."

Ta taho da sauri har tana jan ƙafa, Auta da Tela a bayanta. "Ina? Ni ban ga komai ba."

"Zaren."

Ta sunkuya ta ƙura ido. Sawun kazar nan da ya shekara yana tsone mata ido ya nutse cikin ja, sai an matso sosai ake ganinsa. Ta ɗago ta dubi fuskar mijinta, wadda ta yi kamar an aiko masa da rasuwa, sai dariya ta ƙwace mata har da riƙe ciki.

"Shi ke nan, Inna, kunya ta tafi," in ji Auta.

"Daga yau sunanka Baba Fes-saura-kaɗan," in ji Tela.

Inna ta share ido, ta sake duban kusurwar, dariyar ta ɗan lafa. "To ni yanzu me zan nuna musu? Munin farkon nake so su gani, su san ba da kyau ake farawa ba." Ta ɗora yatsun dama a wurin, ta ja su a hankali. Ƙulle-ƙullen suna nan, da dogon ɗinki da gajere, da inda ya kauce ya dawo. "A'a, yana nan. Sai su shafa. Gara ma haka, dama hannun ake so su motsa."

Ranar Litinin ita ta ɗauki bargon da kanta, a ninke, a hammatar dama. Baba Fes yana tafe a gefenta har bakin titi, ya mayar da hannuwansa baya, ɗaya ya riƙe ɗaya gam, don ya san halinsu.

Ta dawo da saƙon Likita: mutum huɗu sun ce za su gwada, ana neman ƙyallaye. Kafin la'asar Tela ya turo buhu guda, yana cewa wannan karon a faɗa masa gaskiyar abin da za a yi da su. Baba Fes ya zauna a teburin guga da hankicinsa yana tambayar su ɗaya bayan ɗaya, masu zuba gefe, marasa zuba gefe. Yana cikin haka ya ji ƙarar famfo a tsakar gida. Ya leƙa. Inna ce tsaye a bakin kwamin da ba wanda ya taɓa ɗauraya a cikinsa sai shi, hannu biyu cikin ruwa, tana kaɗa wani koren ƙyalle.

Ya tsaya a bakin ƙofa ya kalla iya haƙurinsa. Can ya kasa. "Ba haka ake ɗauraya ba fa. Kawo in nuna miki."

Ko waiwayowa ba ta yi ba.

"Bari, bari," ta ce. "Zan yi."